Daren da Muka Je Ganin Abin da Fata ke Rufewa

Ƙawata ce ta kawo shawarar, kuma da yake ita ma'aikaciyar jinya ce wadda ta shafe shekaru tana hulɗa da jikin mutane cikin lafiya da rashinta, ba ta ga wani abin jinjinawa a maganar ba. Ta ce wani gidan adana kayan tarihi da na kimiyya ya keɓe dare guda ga manya kawai, waɗanda suka kai shekara 18 zuwa sama, kuma babban abin da za a nuna shi ne sassan jikin ɗan Adam na gaskiya, ba irin na roba da ake koyar da ɗalibai da su ba. Ni na amsa mata nan take, amma yayata sai da muka kwana biyu muna lallashinta, domin ta ce ba ta ga dalilin da zai sa mai rai ya shirya da yamma ya tafi kallon waɗanda suka riga mu gidan gaskiya ba. Ban iya ba ta amsa mai gamsarwa a lokacin ba, kuma yanzu da muka je muka dawo, ina ganin tambayar tata ce mafi nauyi cikin duk abin da muka tattauna a kan wannan fita.

Duk wanda ya taɓa shiga irin wannan gida da rana ya san yadda yake cika da ayarin 'yan makaranta, malamai na ƙirga kawuna, iyaye na bin ƙananan yara da gudu, har babba ya rasa sararin da zai tsaya ya karanta rubutu guda zuwa ƙarshe. Da dare abin daban yake. A zauren shiga akwai kiɗa marar ƙarfi, mutane sun tsaya rukuni-rukuni suna hira da dariya, ma'aurata da abokan aiki da dattawa masu dogara sanda. Amma da zarar an ƙetare ƙofar ɗakin nunin, sai muryoyi su sauka da kansu ba tare da wani ya ce a yi shiru ba. An rage hasken ɗakin, an bar fitilu a kan akwatunan gilashi kaɗai, kuma kowa yana tafiya a hankali kamar mai tsoron tayar da mai barci.

Da farko na ɗauka an hana yara ne kawai don kada su firgita, amma kafin mu yi nisa na gane akwai wani dalili da ya fi wannan. Yaro yana kallon ƙashin gwiwa ne a matsayin abin mamaki da ba ruwansa da shi, alhali babba yana zuwa ne ɗauke da tarihin jikinsa da na danginsa: tabon tiyata, ciwon baya da ya ƙi jin magani, uwa ko uba da aka yi jinya har aka rasa. Na ga wani dattijo ya daɗe a gaban ƙashin kwankwaso da aka dasa wa ƙarfe, hannunsa a kan nasa kwankwason, bai ce da kowa komai ba. Irin wannan tsayuwa tana bukatar lokaci da natsuwa, kuma dare ne ya ba mu su.

Sashen ƙasusuwa muka fara shiga, kuma ba mu daɗe ba. Babban mutum yana da ƙashi 206, jariri kuwa yana zuwa duniya da guntaye fiye da haka, waɗanda ke haɗewa sannu a hankali yayin da yake girma. An aza mafi ƙanƙantarsu, wanda ke can cikin kunne kuma tsawonsa bai wuce milimita 3 ba, ƙarƙashin gilashin ƙara girma, kusa da ƙashin cinya wanda ya fi kowanne tsawo. An tsaga ƙashin cinyar a tsaye, sai ga kansa daga ciki kamar saƙar raga, siraran ginshiƙai suna bin hanyar da nauyin jiki ke bi. Na yaba, na wuce, domin kwarangwal abu ne da ido ya saba gani a hoto, kuma farin ƙashi ba ya tuna wa mutum fuskar kowa.

Hannu ne ya tsayar da ni. Yana kwance shi kaɗai a cikin akwati, daga gwiwar hannu zuwa kan yatsu, an ɗauke fatar an bar tsoka da jijiyoyi a bayyane. Daga wuyan hannu zuwa kan yatsu akwai ƙasusuwa 27, guda 8 a wuyan hannu, 5 a tafi, 14 a yatsu, kuma idan aka haɗa na hannaye biyu da na ƙafafu biyu daga idon sawu zuwa yatsu sun kai 106, wato fiye da rabin ƙasusuwan jiki gaba ɗaya. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne na duba yatsun ban ga tsoka a cikinsu ba, sai waɗansu fararen igiyoyi masu sheƙi da suka taso daga can sama, suka ratsa ƙarƙashin wani maɗauri a wuyan hannu, sannan suka rarrabu kowace ta nufi yatsanta. Ƙawata ta ga ina ƙura ido, sai ta ce, “Ki kama hannunki na dama da na hagu, a ƙasan gwiwar hannu kaɗan, sannan ki motsa yatsunki.” Na yi yadda ta ce, nan take na ji tsokoki suna motsi ƙarƙashin tafina, kowane yatsa da nasa wurin. Shekaru nawa ina rubutu da ɗinki da ɗaukar kaya da wannan hannu, ban taɓa lura cewa mafi yawan ƙarfin yatsu daga nesa ake aiko musu da shi ba, kamar yadda mahayi ke sarrafa doki da linzami.

Ina cikin wannan mamaki ne idona ya kai ƙarshen yatsun, sai na ga farce. An bar su yadda suke, an yanke su daidai, kuma na babban yatsa yana da wani ɗan layi a tsakiya irin wanda ke fitowa bayan ƙofa ta matse mutum. Tsigar jikina ta tashi. Har zuwa wannan lokaci ina kallon darasi ne, amma wannan farce ya faɗa mini cewa akwai wanda ya taɓa zama ya yanke shi, ya yi sallama da wannan hannu, ya ɗauki yaro da shi, ya share hawaye da shi. Na kira yayata na nuna mata, ta duba, ta dube ni, ta ce a hankali, “Abin da nake faɗa miki ke nan tun a gida.”

A tsakiyar ɗakin akwai wani dattijo mai yi wa baƙi bayani, wanda ya ce ya yi ritaya ne daga koyar da ɗaliban likitanci ilimin sassan jiki. Shi ya warware mana yadda aka yi nama ya zauna a fili babu wari babu ruɓa. Dabarar ana kiranta filastineshin, kuma wani masani Bajamushe mai suna Gunther von Hagens ne ya ƙirƙiro ta a shekarar 1977 a jami'ar Haidelbag. Abin da ke ruɓar da jiki shi ne ruwa da kitse, domin fiye da rabin nauyin mutum ruwa ne, kuma a cikinsa ƙwayoyin cuta ke samun wurin zama. Saboda haka ana fara ɗura sinadarin fomalin ta jijiyoyin jini don tsayar da ruɓewa, sannan a feɗe abin da ake son nunawa dalla-dalla. Bayan nan sai a tsoma jikin cikin sinadarin asiton mai tsananin sanyi, wanda ke janye ruwan ya maye gurbinsa, kana ya narkar da kitsen. Mataki mafi muhimmanci shi ne na gaba: a nutsar da jikin cikin ruwan roba irin silikon a wani akwati da ake zuƙe iskarsa, sai asiton ɗin ya tafasa ya fice a matsayin tururi, gurbin da ya bari kuma ya jawo robar har cikin ƙwayoyin halitta. Daga nan a daidaita gaɓoɓi da waya da allura, a busar da robar ta taurare. Jiki guda cikakke yana cin kusan awa 1,500 na aiki, kimanin shekara guda. An fara nuna wa jama'a irin waɗannan jikuna a birnin Tokiyo a 1995, a baje kolin da aka sani da Body Worlds, kuma tun daga lokacin wasu da dama suka bi sahu a ƙasashe daban-daban.

Yayata ta saurara har ya kai aya, sannan ta ce, “Malam, don Allah ina da tambaya. Su waye waɗannan bayin Allah, kuma sun yarda a yi haka da su?” Dattijon bai nuna alamar gajiya da tambayar ba, har ma ya ce ita ce ya fi so a yi masa. Ya ce manyan da ke ɗakin duk sun sa hannu a takarda tun suna da rai da hankalinsu, sun amince a yi amfani da jikinsu don koyarwa da kuma nuna wa jama'a, kuma an ɓoye sunayensu da shekarunsu da sanadin mutuwarsu da gangan domin kare su da iyalansu. Ya ƙara da cewa, “Malama, duk inda kika je irin wannan nuni, ki yi wannan tambaya, kuma idan aka yi miki kwana-kwana, ki fita.”

Ban ɗauki wannan shawara da wasa ba, domin tarihin wannan ilimi cike yake da mutanen da ba a taɓa tambayarsu ba, kuma abin yabo ne cewa gidan bai ɓoye hakan ba, ya rubuta shi a bangon wani dogon lungu da ke tsakanin ɗakuna biyu. A can na sake karanta labarin Charles Byrne, wani ɗan Ayalan mai tsawo fiye da mita 2 da kwata, wanda ya mutu a Landan a 1783 yana da shekara 22. Ya san likitoci na jiran gawarsa, don haka ya roƙi abokansa su jefa ta cikin teku, amma likitan tiyata John Hunter ya yi yadda ya yi ya mallake ta, kuma ƙasusuwan suka tsaya cikin gilashi fiye da shekara 200, sai a 2023 aka daina nuna su. A Edinbura kuwa, a 1828, William Burke da William Hare sun kashe mutum 16 suna sayar da gawarwakin ga wani malamin sassan jiki, domin makarantu na bukatar gawa kuma doka ba ta ba su sai ta waɗanda aka yanke wa hukuncin kisa. Dokar da Birtaniya ta yi a 1832 ta rage satar gawa daga kaburbura, amma ta yi hakan ne ta hanyar miƙa wa makarantu gawarwakin matalautan da suka mutu a asibiti ko gidan gajiyayyu ba tare da mai karɓarsu ba, wato nauyin ya koma kan wanda ba shi da gata.

Wanda ya fi ƙona mini rai shi ne na Sarah Baartman, 'yar kudancin Afirka da aka yi ta yawo da ita a Turai ana nuna jikinta tana da rai. Da ta mutu a birnin Faris a 1815, masanin halittu Georges Cuvier ya feɗe ta, aka ajiye ƙasusuwanta da wasu sassanta ana nunawa a gidan tarihi har cikin shekarun 1970, kuma ba ta samu kabari ba sai a 2002, lokacin da Faransa ta mayar da ita Afirka ta Kudu bayan roƙon da aka faro tun zamanin Nelson Mandela. Kada wani ya ce wannan tsohon labari ne. A 2008 hukumomin jihar Niyok sun tilasta wa wani kamfanin baje koli ya sanar da masu kallo cewa ba zai iya tabbatar da cewa gawarwakin da ya samo daga ƙasar Sin ba na fursunonin da aka kashe ba ne, kuma a 2009 wata kotu a Faris ta rufe wani nuni makamancin wannan, babbar kotun ƙasar ta tabbatar da hukuncin a 2010. Na fito daga wannan lungu da yaƙinin cewa duk kyawun aiki da duk yawan ilimi ba su isa su halatta nuna gawar mutum ba, yardarsa ce kaɗai za ta iya, kuma wajibi ne mai kallo ya damu da wannan kamar yadda ya damu da abin da ya zo gani.

Na tambayi kaina ko ba za a iya wadatuwa da mutum-mutumi ba, a bar matattu su huta. An taɓa gwada hakan, domin a birnin Filorens na Italiya akwai gidan La Specola da aka buɗe a 1775, mai ɗauke da ɗaruruwan sassan jiki da aka ƙera da kaki cikin gwaninta mai ban mamaki, ko da yake su ma masu ƙerawar gawarwaki masu yawa suka feɗe kafin su kwaikwaya. Yau kuma ga roba, ga hotunan kwamfuta da ake juyawa ta kowane gefe. Sai dai abin ƙira yana nuna jiki ne yadda ya kamata ya kasance, lafiyayye, daidai wa daida, wanda ba na kowa ba ne. Jiki na gaskiya yana nuna abin da rayuwa ta yi masa, kuma ban san girman wannan bambanci ba sai da muka isa ga zuciya.

Zukata biyu aka ajiye gefe da gefe, an tsaga kowace a tsakiya. Ta farko girmanta kamar dunƙulen hannu, nauyinta wajen giram 300, kuma bangon ɗakinta na hagu na ƙasa, wanda ke tura jini zuwa ko'ina a jiki, kaurinsa kimanin santimita 1 ne. Ta biyu ta mai hawan jini ce na shekaru. Ta fi ta farko girma a fili, bangon ya yi kauri ƙwarai, ramin da jini ke taruwa kuma ya tsuke. Ƙawata ta yi mana bayani cewa zuciya tsoka ce, kuma kamar kowace tsoka, idan aka tilasta mata tura kaya mai nauyi kullum sai ta yi kauri, amma kaurin nan ba ƙarfi ba ne, domin bangon yana sandarewa ya kasa sakewa ya cika da jini yadda ya kamata, kuma yana bukatar abinci fiye da yadda jijiyoyinsa za su iya kawo masa. Zuciya tana bugawa kusan sau 100,000 a kowace rana, kuma tana iya yin shekaru tana wannan dako ba tare da mai ita ya ji ciwon komai ba.

Hawan jini ne ya yi ajalin mahaifinmu. Mun yi jinyarsa tare da yayata, mun ji likitoci suna cewa zuciyarsa ta kumbura, mun ga ƙafafunsa suna tara ruwa, mun ga yadda ya koma barci a zaune saboda numfashi ba ya yiwuwa a kwance, amma kalmar kumburi ba ta taɓa zama hoto a kanmu ba. A wannan dare gani ya kori ji. Yayata ta dafa gefen akwatin ta yi tsit, har mutanen da ke bayanmu suka kewaye mu suka wuce. Can ta ce, “Ashe haka ta Baba ta koma. Shi kuma yana cewa ba ya jin komai, don me zai sha magani kullum.” Ban iya amsa mata ba, sai na riƙe hannunta, muka yi masa addu'a a zuci, muka haɗa da mai wannan zuciya da ba mu san sunansa ba. Babu wani mutum-mutumi na roba da zai iya yi mana abin da wannan bawan Allah ya yi mana, domin shi ciwon ya ci da gaske, kuma ya yarda a buɗe shi a nuna.

Kafin mu bar wurin, dattijon ya nuna mana katangar da ta raba ɓangaren dama da na hagu, mai kauri ce, babu ko huda ɗaya a jikinta. Fiye da shekara 1,000 likitoci sun yi imani da maganar Jalinus, likitan zamanin Rumawa na ƙarni na 2, cewa jini yana ratsa wannan katanga ta wasu ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, kuma yawancin iliminsa daga fiɗar birai da aladu ya samo shi. Ibnu Nafis, wanda ya yi karatu a Dimashƙa ya yi aiki a Alƙahira har ya rasu a 1288, shi ya rubuta cewa katangar a toshe take, kuma dole jini ya bi ta huhu ya gauraya da iska kafin ya dawo ɓangaren hagu. A 1543 Andreas Vesalius, malami a jami'ar Padua, ya wallafa babban littafinsa bayan ya feɗe gawarwakin mutane da hannunsa, ya gyara kurakurai masu yawa, ciki har da cewa muƙamuƙin ƙasa na mutum ƙashi ɗaya ne ba biyu ba. Sai a 1628 William Harvey ya bayyana yadda jini ke zagaya jiki gaba ɗaya ya dawo. Abin da manyan masana suka yi ƙarnoni suna jayayya a kai, ga shi a gabana ina iya gani cikin daƙiƙa guda, kuma na ji nauyin wannan gata.

Sauran sassan mun bi su da ɗan sauri. Akwai huhu baƙi ƙirin na mai shan taba kusa da wani mai haske, kuma ƙawata ta ja hankalinmu cewa ko mai hasken yana da ɗigo-ɗigon baƙi, domin hayaƙin motoci da na itace ma suna barin tabonsu a huhun wanda bai taɓa kunna sigari ba. Akwai ƙoda da aka ɗura wa jijiyoyinta jar roba aka narkar da naman, ta zama kamar wata 'yar bishiya mai dubban rassa, kuma a nan na karanta cewa ƙodoji biyu suna tace ruwa kimanin lita 180 a rana, su mayar da kusan dukkansa cikin jini, su fitar da lita ɗaya da rabi kawai.

Babban ɗaki na ƙarshe shi ne na cikakkun jikuna a tsaye, kuma a nan ra'ayina ya rabu biyu. Akwai wanda aka tsayar yana gudu, ƙafa ɗaya a sama, kuma wannan ya koyar da ni, domin na ga yadda tsokar gaban cinya ke miƙewa yayin da ta baya ke tsukewa, na ga agara mai kauri da ke ɗaure tsokar ƙwauri da diddige. Amma akwai wasu da aka yi musu tsayuwa wadda ban ga darasin da ke cikinta ba, sai dai jan ido da sa mutane su ce kai. Wanda ya ba da jikinsa don ilimi ya ba da amana ne, kuma ina ganin kowace tsayuwa da aka yi masa ya kamata ta iya amsa tambayar abin da take koyarwa. A wannan ɗaki ne kuma wani saurayi ya matsa kusa da ɗaya daga cikinsu ya ɗaga waya zai ɗauki hoton kansa yana murmushi, duk da an rubuta a ƙofa cewa an hana. Wata ma'aikaciya ta je ta yi masa magana cikin ladabi, ya mayar da wayar aljihu da alamar kunya. Ban ɗauke shi mugu ba, domin na san yadda roba da fitilu da kiɗan da ke zaure suke iya mantar da mutum inda yake, kuma wannan shi ne haɗarin mayar da irin wannan wuri wajen shaƙatawa da dare: idan masu shiryawa ba su yi hattara ba, nishaɗin zai rinjayi alfarmar waɗanda ke cikin gilashi.

A gefe guda akwai wani ƙaramin ɗaki bayan labule, da sanarwa cewa a ciki akwai 'yan tayi a matakai daban-daban, kuma an samo su ne daga tsofaffin tarin jami'o'i da asibitoci. Yayata ta ce za ta jira mu a kan benci, ban tambaye ta dalili ba domin na sani. Na shiga da ƙawata. Ɗan tayi mai mako 8 da samuwa bai wuce santimita 3 ba, amma yatsunsa sun riga sun rarrabu, guda biyar-biyar, kuma zuciyarsa ta fara bugawa tun wajen mako na 4. Na tuna hannun da na gani a farkon dare, na ga inda ya faro. Sai dai waɗannan ba su sa hannu a wata takarda ba, kuma ban ji daɗin daɗewa a gabansu ba, saboda haka na fito.

A bakin ƙofar fita an ajiye takardun bayani ga mai son ba da jikinsa bayan mutuwa. Na ɗauki ɗaya na karanta har ƙarshe, na mayar. Ni ba zan iya ba, ina so idan tawa ta zo a rufe ni cikakkiya, kuma ban ga laifi a wannan buri ba. Amma sanin cewa ba zan iya ba ya ƙara mini ganin girman waɗanda suka iya, domin sun ba ni abin da ba zan rama wa kowa ba, kuma duk likitan da ya taɓa duba ni ko ya duba mahaifina, a jikin irinsu ya fara koyon inda kowace jijiya take.

Muka sami yayata a kan benci, ta naɗe hannun rigarta tana laluben wuyan hannunta da yatsu biyu. Ƙawata ta zauna kusa da ita ta ce, “Yaya, ba nan ba ne, ki matso gefen babban yatsa,” sannan ta kama hannun da kanta tana duban agogo, mu kuma muka yi shiru har minti ya cika. Ta ce bugun 78 ne kuma yana tafiya daidai, amma bugu ba ya faɗin hawan jini, sai an ɗaura abin awo a dantse. Yayata ta ce rabonta da awo tun bayan rasuwar Baba, domin tana tsoron abin da za a faɗa mata. Ta warware hannun rigar, ta miƙe, ta dube ni ta ce, “Ranar Litinin da safe ki zo ki raka ni asibiti, ke ma a auna ki.”